Yadda Ake Rubuta Labarin Bincike Mai Sanyi: Laifi, Raha da 'Yar Soyayya

Akwai wani nau'in labarin bincike da ake karantawa a kishingiɗe, da kofin shayi a gefe, ba tare da gaban mutum ya faɗi ba. An aikata laifi, wani lokaci har kisa, amma marubucin ba ya nuna maka jini, ba ya kuma kai ka inda ake azabtar da mutum. Wanda zai gano mai laifin ba ɗan sanda ba ne, wata ce cikin mutanen gari da Allah ya yi wa ido da kunne. A Ingila aka haifi wannan salo, Amurka ta raine shi, can kuma suna ce masa "kozi", kalmar da ke nufin daɗin da mutum ke ji idan ya shige bargo lokacin hunturu. Su da sanyi ya dama, ɗumi ne daɗinsu. Mu da rana ke gasawa sanyi ne namu, shi ya sa nake kiransa bincike mai sanyi.

Uwar ɗakin wannan salo ita ce Miss Marple, tsohuwar da Agatha Christie ta ƙirƙira, wadda littafi na farko a kanta ya fito a 1930. Ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ƙauye na ƙirƙira mai suna St Mary Mead, aikinta saƙa da kula da lambu. Makaminta ɗaya ne: duk baƙon da ta gani sai ya tuna mata da wani ɗan ƙauyensu, ta san halin wancan, don haka ta san abin da wannan zai iya. Duk wanda ya taso a gidan yawa ya san irin wannan tsohuwa.

Kuskuren da masu fara rubuta irin wannan labari suka fi yi shi ne su ɗauki raha da soyayya a matsayin kayan ƙamshi da ake barbaɗawa bayan an sauke miya. A'a. A cikinsu ake ɓoye shaida. Mai karatu yana dariya, ko yana jiran ya ji amsar da za ta ba mai neman aurenta, kai kuma ka zura masa bakin zaren a aljihu bai sani ba. Matakan da ke tafe duk wannan suke yi wa hidima, kuma zan bi su da misali ɗaya na ƙirƙira daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko: rubuta laifin kafin ka rubuta labarin

Kafin babi na ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta abin da ya faru a zahiri, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Wa ya yi? Me ya kai shi? Da yaushe? Ta wace hanya? Wane kuskure ya tafka? Wannan takarda ba mai ganinta sai kai, amma duk littafin a kanta yake tsaye.

Ga nawa. Lefe ya makara, sai ranar Alhamis ta satin biki dangin ango suka kawo, ɗaurin aure kuma Asabar. A ciki akwai sarƙar gwal da 'yan kunne. An ƙirga kaya a gaban ɓangarorin biyu, wata dattijuwa da ta san gwal ta juya shi ta ce na gaske ne, aka ba da tukuici, aka mayar da shi akwati aka ɗana kwaɗo a ɗakin uwar amarya. Ranar Asabar da safe aka buɗe, sai ga jabu a madadinsa. Gwaggon amarya ce ta musanya. Ita ce uwar adashin unguwa, ta taɓa kuɗin mutane a wata larura, ga shi kwasar uwar amarya ta zo, da ita za a ƙarasa kayan ɗaki. Ta saci gwal ɗin 'ya don ta biya uwa kuɗinta.

Dubi dalilin nan da kyau. Ba mugunta ba ce, kunya ce da neman rufin asiri. Irin dalilin da ya dace da wannan salo ke nan: bashi, gado, kishi, tsoron tonon silili. Mahaukacin da ke kashe mutane don jin daɗi na wani irin littafi ne daban.

Sai ka zauna ka yi wa laifin tambayoyin ƙure. Ni na taɓa sakaci a nan. Na yi nisa ina sakin wani labari shafi-shafi a wani zauren WhatsApp, sai wata mai karatu ta tambaye ni yadda aka yi ɓarawon ya samo jabun da ya yi kama da na gaske alhali ranar ya fara ganin kayan. Ban da amsa, abin da na saki kuma ya riga ya tafi. A wannan misali na toshe ramin tun da wuri: mako guda kafin biki ango ya tura wa amarya hoton sarƙar ta waya, ita kuma don ɗoki ba wanda ba ta nuna wa ba. Gwaggo ma ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, tana cewa idonta ne ba ya gani sosai.

Kisa ko sata? Yawancin littattafan Ingila da Amurka da gawa suke farawa, sai dai ba a tsayawa kwatanta ta. Idan a ƙasar Hausa ka kafa labarinka, ka tuna mamaci ba ya daɗewa: a yi masa wanka, a yi sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i. Ba likitan da zai zo ya ce ga abin da ya kashe shi. Za ka iya mayar da wannan riba, zargi ya taso a zaman makoki daga bakin wanda ya lura da wani abu. Amma raha a gidan rasuwa tana da wuyar sha'ani. Ga mai farawa, sata, damfara ko takardar gado ta jabu sun fi sauƙin sarrafawa. Ba wani abin kunya ba ne: jerin littattafan Mma Ramotswe na Alexander McCall Smith, da aka fara a 1998 kuma aka kafa a Gaborone ta Botswana, akasarin abin da take bincika ɓatan miji ne da 'yan damfara da rikicin iyali, kuma duniya ta karɓe su.

Mataki na biyu: rufe ƙofa

Wurin ya zama ƙarami, kowa ya san kowa, kuma ya tabbata mai laifin na gida ne. Gidan biki, layin kasuwa, makarantar kwana, ƙungiyar adashi, ayarin mota ɗaya. Zana taswirar gidan ko da da biro ne: ina zaure, ina ɗakin uwar amarya, ina madafa, wa zai iya hango ƙofar ɗakin daga inda yake zaune. Idan kana da niyyar yin jeri, ka sa mai bincikenka ta riƙa fita. Amurkawa har yau suna yi wa garin Cabot Cove ba'a, ɗan ƙaramin gari na ƙirƙira a wani shirin talabijin da aka yi daga 1984 zuwa 1996, saboda yawan kisan da aka jibga masa.

Mataki na uku: zaɓi mai bincike da sana'arta

Sana'a tana yin aiki biyu. Tana buɗe mata ƙofa, tana kuma ba ta ilimin da sauran mutane ba su da shi. A littattafan Amurka za ka tarar da mai gidan burodi, mai shagon littattafai, mai kiwon kyanwa. A nan muna da waɗanda suka fi su dacewa: dillaliya, mai kitso, ungozoma, mai lalle. Ɗan sanda namiji iyakarsa zaure, ya aika yaro ya yi masa sallama da mai gida. Mai lalle kuwa har ƙuryar ɗaki, kuma wadda aka kama wa hannu ko ƙafa na tsawon awa biyu ba ta da abin yi sai surutu.

Tawa mai lalle ce, bazawara, ta doshi arba'in, tana zaune a gidan mahaifinta. Ka ba ta aibi na gaske. Tawa tana da saurin yanke hukunci, kuma ba ta iya riƙe dariya a inda bai kamata ba.

Sannan dole ka amsa tambayar da mai karatu zai yi: ina ruwanta? Son gulma kaɗai ba zai riƙe littafi ba. A misalina, an ga ɗigon lalle a jikin ƙyallen da aka naɗe gwal ɗin, nan take kowa ya juya kan yarinyar da take koya wa aiki, marainiya, wadda ba ta da mai tsaya mata. Mahaifin amarya ya ce in ba a fito da kaya ba kafin a kai amarya, zai kira hukuma. Ka ga yanzu tana da dalili, tana kuma da wa'adi.

Kada ka mayar da 'yan sanda wawaye don jarumarka ta haskaka. Ya isa a ce su baƙi ne a gidan, ita kuwa 'yar gida ce.

Mataki na huɗu: waɗanda ake zargi

Huɗu zuwa shida. In sun gaza haka an gane da wuri, in sun wuce mai karatu ya rikice da sunaye. Kowannensu ka ba shi dalilin da zai sa ya iya aikatawa, damar da zai aikata, da wani sirri da yake ɓoyewa wanda bai shafi satar ba. Wannan na ukun shi ne gishirin. Mai gaskiya da ke yin ƙarya saboda wata kunyarsa ta daban, shi ne ke ɓatar da sawu.

Kishiyar uwar amarya ita kowa zai fara nunawa. An ga ta shiga ɗakin a sace, ta kuma musa. Gaskiyarta: turmin atamfa ta je ajiyewa gudummawa, ba ta son a sani, don shekara goma ba sa ga-maciji da uwar amarya, girman kai ya hana ta miƙawa hannu da hannu. Yayan amarya bashi ya yi masa katutu, ya sayar da babur ɗinsa yana cewa yana wurin gyara. Ƙanwar ango ana raɗe-raɗin tun asali jabu suka kawo, ita kuma abin da take ɓoyewa shi ne ta cire turare ɗaya daga lefen a hanya. Gwaggo fa? Ita ba ta cikin lissafin kowa. Ita ce mai ban dariyar gidan, kuma tana da hujjar da ta fi ta kowa ƙarfi: lokacin da uwar amarya ta shiga wanka ta bar ɗan makulli ƙarƙashin matashi, Gwaggo aka bari gadin ɗaki, hannuwanta biyu ƙunshe cikin leda.

Mataki na biyar: jadawalin lokaci

Ja layi a takarda, sunaye a gefe, lokuta a sama. A gidan biki ba mai duba agogo, don haka ka auna da abin da mutane ke tunawa: kafin La'asar, bayan an ɗauke wuta, lokacin da aka tayar da janareto, da aka kira Magariba. Layi biyu za ka yi wa kowa, inda yake da gaske da inda ya ce yake. Duk gurbin da layukan suka saɓa, babi ne.

Mataki na shida: binne shaida a cikin raha

A nan aikin yake. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera dokoki goma na labarin bincike. Wasu sun tsufa, amma huɗu suna nan daram: mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada a warware da abin da ya shafi gaibu, kada sa'a ko wani jin jiki marar dalili ya taimaki mai bincike, kuma duk shaidar da ya gani a nuna wa mai karatu. Taƙaicensu adalci ne. Idan aka tona asiri a ƙarshe, so ake mai karatu ya dafe kai ya ce ai kuwa an faɗa mini, ba ya ce an cuce shi ba.

Dokar gaibu ita ta fi shafar mu, domin littattafanmu sun saba da boka da aljani da mafarki. Mutanen labarinka suna iya zuwa wurin mai duba, ai haka rayuwa take, kuma babi ne mai daɗi idan ya kwatanta musu "wata doguwa mai ɗan haske" aka dawo gida kowa na kallon kowa. Mahaifin amarya yana iya cewa zai sa a ja wa ɓarawo Yasin, ka nuna mana fuskar kowa a lokacin, tun da mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin da ba a yarda ba shi ne amsar ta fito daga can. Daga kan mai lalle za ta fito.

To yaya za ka nuna shaida ba a gan ta ba? Ka sa ta a bakin mai ban dariya. Dubi wannan, ranar Alhamis gab da Magariba, tun ba wanda ya san za a yi sata:

Uwar amarya ta fito daga wanka, ta tarar da Gwaggo a bakin gado, hannun hagu cikin leda, na dama tsundum cikin robar dubulan.

"Haba Yaya, ba yanzu aka ƙunsa miki lallen nan ba?"

"Ke dai bari. Ƙamshin nan ne ya hana ni sakat. Lalle ado ne, ciki kuwa amana."

Jikanta da ke leƙe ta taga ya ce, "Tsohuwa, ke dai ciki ne zai yi ajalinki."

"Ya yi mana ka huta, miji marar cefane."

Mai karatu ya yi dariya ya wuce. Abin da ya ɗauka shi ne Gwaggo makwaɗaiciya ce. Abin da ka ba shi kuwa shi ne hannunta na dama a sake yake lokacin da take ita kaɗai da makulli. Sharaɗin wannan dabara shi ne rahar ta tsaya da ƙafarta. Tun babi na ɗaya ka nuna kwaɗayin Gwaggo sau biyu ko uku a inda ba shaidar komai, tana ƙulle nama a bakin mayafi, tana ɗanɗana miyar da ba a sa ta ba. In wannan ne karo na farko da ta yi abin dariya, mai karatu mai wayo zai tsaya.

Dabara ta biyu, ka raba shaida gida biyu ka nisanta su. Ranar Juma'a da safe Gwaggo ta yafa mayafi ta ce za ta dubiya asibiti. Wannan rabi ne, ba ya nufin komai. Ɗaya rabin yana wani babi, a bakin wani mutum, zan zo kansa. Bayan an sauko daga Juma'a kuma ta kira uwar amarya ta ƙirga mata kwasarta cif, bayan wata guda tana yi mata gobe-jibi. Matan gida suka yi guɗa suna cewa yau rana ta fito daga yamma. Nan ma dariya ta rufe tambayar da ya kamata a yi: ina ta samo?

Ta uku, shaida ɗaya mai fuska biyu. Ɗigon lallen da ke jikin ƙyalle shi ya jawo wa yarinya zargi. Amma ɗigon ja ne, yarinyar kuwa ranar baƙin lalle take zana wa ƙawayen amarya, ba ta taɓa kwaɓin jan ba. Ka faɗi wannan tun da wuri, a cikin hidima, kamar ba komai ba. Haka nan ilimin sana'ar: jan lalle in an cire shi da wuri fari-fari yake fita, in ya daɗe ya kama ya yi jawur. Ka sa mai lalle ta faɗa wa wata mai gaggawa haka a shafin farko, cikin faɗa. Ranar Asabar, Gwaggo tana rantsuwa hannuwanta biyu a ƙunshe suke ko ƙuda ba ta iya korawa, ta ɗaga su sama, ɗaya jawur ɗaya kamar an shafa ruwan goro. A nan kan mai lalle zai yi tsawa.

Shaida uku masu nuna mai laifi sun wadatar. Ɗaya tak zalunci ne, shida kuma kyauta ce.

Abu ɗaya game da rahar kanta. Al'adarmu ta riga ta tanadi wuraren da ake zolaya ba a jin haushi: kaka da jika, taubasai, Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa. Yi amfani da su, sun fi barkwancin da aka ƙirƙiro da ƙarfi. Amma kada a yi dariya da wanda aka zalunta. Duk inda yarinyar nan ta bayyana tana kuka a bayan madafa, raha ta tsaya. In ba ka bar mai karatu ya ji zafin halin da take ciki ba, ba zai damu da a gano gaskiya ba.

Mataki na bakwai: soyayya a kan wuta kaɗan

A 1928 wani marubuci ɗan Amurka, S. S. Van Dine, ya fitar da nasa dokoki ashirin, a ciki ya hana soyayya kwata-kwata a labarin bincike. Ba a daɗe ba Dorothy L. Sayers ta karya masa doka. A littafinta na 1930 mai bincikenta, Lord Peter Wimsey, ya ga Harriet Vane a gaban kotu ana tuhumarta da kisa, ya kamu da sonta, ya nemi aurenta ta ƙi. Sai a littafin 1935 ta amince, a na 1937 aka ga aurensu. Darasin da ke nan shi ne jinkiri. Marubutanmu sun gwanance a soyayya, haɗarin shi ne ta cinye littafin, a wayi gari an manta da gwal ana ta kalaman zuma shafi talatin. Ni ma'aunina, a kowane babi huɗu ko biyar a yi haɗuwa ɗaya, kuma kowace haɗuwa ta motsa bincike.

Mai neman mai lallen tela ne a bakin kasuwa, matarsa ta rasu. Ranar Juma'a ta je karɓar anko:

"Malam, in ɗinkin nan bai kammala yau ba, gobe da buhu zan je biki."

"Ko buhun kika sa, ranki ya daɗe, amarya ce za ta shiga uku." Ya ciji zare. "Ku 'yan gidan bikin nan kun hana kasuwa sakat. Ɗazu ma Gwaggonku ta sauka daga a-daidaita-sahu nan gabana, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ni dai tambayata ɗaya, yaushe zan zo gaishe da Baba?"

"Baba yana nan inda ka san shi. Miƙo mini kayana."

Ga ɗaya rabin shaidar nan. Wadda ta ce asibiti za ta, an gan ta a kasuwa. Amma idon mai karatu yana kan tambayar ƙarshe da yadda aka kauce mata. Lura kuma da cewa tela bai warware mata komai ba. Ya kawo abin da ya gani, ita ce za ta haɗa. Ranar da namijin ya zo ya cece ta ya kuma faɗa mata wanda ya yi, littafin ya tashi daga hannunta.

Kunya a nan abokiyar aikinka ce. Kallo ɗaya, ɗinkin da aka ƙi karɓar kuɗinsa, kwanon abinci da aka aika wa shago aka ce wai ragowa ce. Wannan ya ishi littafi guda.

Mataki na takwas: ta yi kuskure, sannan ta gano

Wajen tsakiyar littafi ka bar ta ta zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Tawa ta tunkari kishiya, aka buɗe ƙullin da ake zaton gwal ne sai ga atamfar gudummawa. Ta ji kunya, gida ya juya mata baya, wa'adi ya matso. Daga wannan faɗuwa ne za ta koma ta sake bin abin da ta gani da idonta maimakon abin da kowa ke faɗa.

A littattafan Ingila an saba tara kowa a falo, mai bincike ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya nuna mai laifi da yatsa. Mai lalle ba za ta tsaya a tsakar gida ta kira yayar mai gida ɓarauniya ba, in ta yi mai karatu ma zai tsane ta. Ni ga yadda zan yi. Ta kwaɓa lalle, ta shiga ɗaki ta ce, "Gwaggo, kawo hannun nan in gyara miki, bai kama ba." Ta riƙe hannun tana shafawa, tana jero abin da ta sani a hankali, hoto, dubulan, kasuwa, kwasa, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɗaga kai ba. Wadda aka riƙe wa hannu da lalle ba ta iya tashi.

Sai dai rufin asiri yana da iyaka. A bainar jama'a aka zargi yarinya, a bainar jama'a za a wanke ta, kuma daga bakin Gwaggo ko mai gida. In ka rufa wa babba asiri ka bar marainiya da tabo, ka ɓata littafin. Yadda za a dawo da gwal, da wanda zai biya, da abin da zai faru da adashi, duk ka ba su shafi ɗaya ko biyu, kada ka bar su a iska.

Mataki na tara: gyara, kafin kowa ya gani

Gama littafin gaba ɗaya kafin ka saki shafi ko ɗaya. Na san yadda masu karatu ke matsawa a Wattpad da WhatsApp, kowa na cewa a ƙaro, kuma labarin soyayya yana jure a rubuta shi kullum-kullum. Labarin bincike ba ya jurewa, domin sai ka kai ƙarshe za ka ga shaidar da ya kamata ka dasa a babi na biyu.

In ka gama, karanta shi daga baya zuwa gaba. Ɗauki jawabin mai lalle na ƙarshe, kowace hujja da ta ambata ka nemo shafin da aka fara nuna ta, ka rubuta lambarsa. Wadda ba ta da shafi, ko ka koma ka dasa ta ko ka cire ta. Sannan ka bi kowane wurin raha da kowace haɗuwa da tela ka tambaya me suka ɗauko. Ba dole kowanne ya zo da shaida ba, wasu aikinsu su rufa wa masu shaidar baya. Amma wanda bai yi ko ɗaya ba, komai daɗinsa, fitar da shi ka ajiye wa wani littafin.

Daga nan ka ba mutum uku su karanta, ka roƙe su su tsaya a wurare uku, bayan an gano sata, a tsakiya, da gab da tonon asiri, su rubuta maka wanda suke zargi da dalili. In duka ukun sun kama Gwaggo tun tsayawar farko, rage mata fitowa ko ka ƙara wa yayan amarya nauyi. In ba wanda ya ko yi tunaninta har ƙarshe, kuma da suka ji amsa suka ce ba su yarda ba, to ka binne shaidar da zurfi, ɗago ta kaɗan. Abin da kake nema shi ne ɗaya ya gane a tsayawar ƙarshe, biyun kuma su koma suna neman shafin dubulan.

Babin rufewa gajere ne. An kai amarya, an kwashe tabarmi, mai lalle da yarinyarta suna wanke kwanukan kwaɓi. Yaro ya shigo ya ce wai ana sallama da Baba a zaure, wani mai keken ɗinki ne, ya sha babbar riga. Kada ka faɗa mana abin da Baba ya ce masa. Wannan na littafi na biyu ne, wanda za a buɗe da dillaliyar da ta zo a yi mata ƙunshi tana kukan an musanya mata takardar fili.